Arewacin gari ko kudanci, ina ya fi daɗin zama?

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili. Kullum ana musu wai arewacin gari ya fi kudanci, ni kam duka biyun na zauna. A kudu haya da sauƙi amma gidan a kwari yake, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kwana na yi ina kwashe ruwa da bokiti, katifa jingine da bango yara na kuka, wallahi har yau abin na min ciwo. Na koma arewa kan tudu sai kuma cunkoso, gada ɗaya ce tal zuwa wajen aikina. Don Allah mai neman gida ya je ya duba unguwar bayan an ɗauke ruwa, ya gwada hanyar da ƙarfe 7 na safe kafin ya biya.

Naku, mai karatu.