Baba, na ga bishiyar goro da idona

Mile 12, Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da yara duka. Ya kasuwa, ya zafin Maraɗi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Auta, kai ne za ka karanta wa Baba wannan takarda, to ka bi ta a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Kun san tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu unguwanni a 2022 na sayar da babur, na koma kai saƙon abinci a kan keke. Na daɗe ina jin nauyin faɗa muku, don na san yadda ake kallon wanda ya sauka daga mashin ya hau keke. To ga abin da keken nan ya yi mini ranar Lahadin da ta wuce.

Akwai wasu mutane a nan masu hawan keke don motsa jini, ma'aikatan banki da likitoci da 'yan kasuwa, kekunansu marasa nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga. Wani ɗan Zariya da muke aiki tare ya saba da su, shi ya ce mu zo a tafi Epe. Mu huɗu 'yan Arewa muka shiga, duka-duka muka zama mutum 19, har da mata uku. Sharaɗinsu hular kwano da fitila da gorar ruwa biyu. Aron hular na yi.

Muna idar da sallar Asuba muka kama hanya. Daga Mile 12 zuwa Ikorodu ba abin labari, hayaƙi ne da danfo da tirela. Sai da muka bar Ikorodu a baya, muka doshi Imota, sannan gari ya buɗe. Baba, shekara shida ina Legas, ban san akwai ƙasar noma kusa da ni haka ba. Rogo ne hagu da dama, ga ayaba, ga kwakwar manja tsaye reras, ƙasar kuwa ja wur kamar an zuba mata manja. Raɓa ba ta bushe ba, ƙamshin ciyawa ya cika mini hanci, sai na tuna safiyar da muke tafiya gona bayan ruwan farko. A Imota mun wuce babban injin casar shinkafa da aka buɗe a 2023, gini ne wanda sai ka ɗaga kai.

Hanyar ba irin tamu ba ce. A wajenmu yashi ne ke cin ƙarfin mai keke, nan kuwa tudu ne da kwari, ka hau wannan ka gangara, kafin ka numfasa wani ya tare ka. Ba duwatsu ba ne, amma ba su ƙarewa. Hawa na farko da na biyu na yi su da ƙarfin tuwo, na wuce mutane ina jin daɗi. Wani dattijo Bayarabe, furfura fat a gemunsa, ya matso kusa da ni ya ce in sassauta giya tun kafin hawan ya kama ni, in bar ƙafa tana juyawa ba tare da dannawa ba, in ci wani abu tun ban ji yunwa ba. Ya kuma nuna mini yadda ake laɓewa a bayan na gaba don ya tare maka iska, ana karɓa-karɓa. Ashe shi ya sa suke tafiya a jere kamar ayarin raƙuma. Na gaba shi ke ganin rami, sai ya nuna da hannu, kowa ya miƙa wa na bayansa. In an kai ƙarshen hawa mai tsawo, a tsaya a ƙirga kai, ba a tashi sai na ƙarshe ya iso.

Tsakanin Agbowa da Itoikin tayata ta baya ta yi faci. Ban ji daɗi ba, don ni na tsayar da mutane. Su suna cire tub su sa sabo, ni kuwa na fito da roba da gam, na yi irin facin da kuka koya mini a ƙofar gida. Suka kewaye ni suna kallo.

A nan ne abin ya faru. Ina jiran gam ya sha iska, sai na ga wata tsohuwa a bakin gona tana fasa wasu koren 'ya'yan itace masu ƙuraje, girmansu ya kai tafin hannu. Na matsa, sai ga goro jere a ciki, kowanne lulluɓe da farar fata. Na tambayi dattijon nan, ya yi mata Yarbanci, ta nuna mini bishiyar. Doguwa ce mai duhun ganye, inuwarta sanyi ƙalau. Baba, na tsaya a gindinta na kasa magana. Da goro kuka ciyar da mu, da shi kuka aurar da Yaya, na tashi ina taya ku kwance huhu da yayyafa ruwa da ware marsa daga ƙanana, amma kun sha faɗa mini ba ku taɓa ganin uwar da ke haifarsa ba. Ni ga ni a ƙarƙashinta, kuma keke ne ya kawo ni. Na miƙa wa tsohuwar kuɗi ta ƙi karɓa, ta ba ni guda biyu da ba a fasa ba.

Mun shiga Epe da hantsi ya yi zafi, wayar abokina ta nuna mun haura kilomita 60. Garin a kan tudu yake, yana kallon ruwa, kuma da kifi aka san shi. A kasuwar bakin ruwa mata ne ke ciniki, tarwaɗa da rai a cikin baho. Dattijon ya ce nan Sarkin Ikko Kosoko ya yi gudun hijira bayan Turawan Ingila sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, kuma Musulmi suna da yawa a garin. Mun ci gasasshen kifi da burodi, muka yi Azahar a wani masallaci, aka karɓe mu hannu bibbiyu.

Dawowa ta fi wuya. Rana ta take, ga tifofin yashi ba su raga wa kowa, cinyoyina suka riƙa ɗaurewa. A hawan ƙarshe kafin Ikorodu ɗaya daga cikin 'yan'uwana ya dafa mini baya yana turawa har muka haye. Ana kiran Magariba muka iso gida.

Ɗan abin da na aiko wannan watan bai kai na da ba, ku yi haƙuri, naira ce ta faɗi a gaban sefa. Na haɗa shi da goron nan biyu, na naɗe su a ganye, na ba direban da ya saba kawo muku saƙo. Ku fasa da hannunku da zarar sun iso, kada su bushe, ku nuna wa Inna.

Sai maganar tsohon kekenku da ke jingine a zaure. Yaya ya ce ana tayi. Don Allah kada a sayar. A ciri jaka biyu cikin kuɗin a sa masa taya da sarƙa, Auta ya riƙa zuwa makaranta da shi.

A gaida mini Kawu da Malam, a ce ina neman addu'a.

Naku mai biyayya,
ɗanku na Legas