Tauraron da ke kan aljihuna

Abokina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Baba da Mama da ƙannenka duka. Na san kana can kana cewa na samu wuri na manta da kai. Allah ya sani ban manta ba. Sati uku ke nan da shigowata makarantar nan, sai yau na samu na zauna da biro a hannu ba tare da ƙararrawa ta tashe ni ba.

Ka tuna daren da ka riƙa yi mini tambayoyin jarrabawar shiga har barci ya sace ka da littafin a fuska? To, wahalarka ba ta faɗi a banza ba. Ga ni cikin kwat da nektai, takalmi baƙi wul yana sheƙi. Da ka gan ni ranar farko da ka yi dariya har ka faɗi. Sau biyar ina ɗaura nektai ɗin nan a gaban madubi, kowane karo sai wutsiyar baya ta fi ta gaba tsawo. Ina fitowa wani siniya ya yafuto ni da hannu. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, tun ban shiga aji ba na ja wa kaina. Ashe gyara zai yi mini. Ya kwance shi, ya sake ɗaurawa a hankali don in ga yadda ake yi, sannan ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa tambarin da ke kan aljihuna ya ce, "Yanzu kai namu ne, kada ka ba mu kunya." Ya wuce abinsa. Har yau ban san sunansa ba.

Tambarin tauraro ne, a ƙasansa an rubuta Signum Fidei da Latin, wato alamar bangaskiya. Da na ɗauka ado ne kawai, sai da wani tsohon Brada ya shigo ajinmu ya ba mu labarin inda abin ya samo asali. Af, kada ka haɗa Brada da Fada, ni ma da haka nake yi. Brada ba ya jagorantar Misa, wato babbar ibadar cocin Katolika, wannan aikin Fada ne. Ya yi alkawari ne ba zai yi aure ba, ba zai tara dukiya ba, rayuwarsa duka ta koyarwa ce. Doguwar riga baƙa suke sawa, da wani farin ƙyalle mai harshe biyu a wuya. Wanda ya kafa ƙungiyarsu shi ne Waliyyi Jean-Baptiste de La Salle, an haife shi a birnin Reims na Faransa a 1651, ɗan manyan masu hali. Wajen 1680 ya fara tara malamai don su koyar da 'ya'yan talakawa kyauta, kuma da aka yi yunwa a ƙasar 'yan shekaru bayan haka sai ya rabar da gadonsa ga mabukata. Abin da ya fi burge ni shi ne, a zamanin da ake fara koya wa yaro karatu da Latin, shi ya ce a fara da Faransanci, harshen da yaran suke ji a gida. Ya kuma tsara a riƙa koyar da yara tare aji-aji, maimakon malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya sauran suna ta surutu. Ya rasu a 1719, a 1950 kuma Paparoma Pius na 12 ya ayyana shi majiɓincin malamai. Ka lissafa da kanka, sama da shekara 340 ana wannan aiki, yau ga ni an rubuta sunana a rajista.

Bradan nan bai bar mu mun kumbura ba fa. Yana gama labarin ya dube mu ta saman tabarau ya ce wanda ya ga kwat ɗinsa ta fara yi masa nauyi a kafaɗa, ya tuna don yara marasa takalmi aka fara makarantun nan. Na ji kamar da ni yake, don da safiyar ranar na tsaya gaban tagar ɗakin karatu ina kallon kaina.

Kafin kowane darasi monita yakan miƙe ya ce, "Mu tuna muna gaban Allah mai tsarki." Sai aji ya yi tsit, ko motsin kujera ba ka ji. A taron safe kuma idan aka gama addu'a shugaban makaranta yakan ce, "Yesu ya rayu cikin zukatanmu," ɗaruruwan maza su amsa da murya ɗaya, "Har abada!" Karon farko da na ji sai tsigar jikina ta tashi, ban ma iya amsawa ba. Yanzu har ƙoƙari nake muryata ta fi ta na kusa da ni. Da sha biyun rana ake buga ƙararrawar addu'ar Mala'ikan Ubangiji, uku, uku, uku, kowa ya tsaya cak a inda yake. Ran Asabar ta same mu a fili, ƙwallo na gangarawa bakin raga, mai tsaron gida yana ganinta ya haɗa hannuwa ya bar ta ta shige. An daɗe ana gardama a kan ko an ci.

Akwai wuya, ba zan ɓoye maka ba. Tun duhu ake tashinmu, ba waya, kuma na riga na sha horo sau ɗaya saboda ƙura a takalmi. Daren farko na yi kuka a cikin bargo, wannan kuwa tsakanina da kai ne. Batun tsokanar da kake yi mini cewa makarantar maza zalla za ta mayar da ni Fada, ka kwantar da hankalinka, lissafi kaɗai ya ishe ni tunani.

A babban zaure akwai allon katako mai sunayen ɗaliban da suka fi kowa ƙwazo shekara-shekara, da ruwan zinare, na can sama har sun fara dushewa. Na duba ƙasan allon, da sauran wuri.

Ga ƙararrawar karatun dare nan an buga. Ka rubuto mini da wuri, ka faɗa mini yadda taku makarantar take, ko kun samu mai tsaron gida tun da na tafi. Ka gaishe mini da su Mama sosai.

Naka,
abokinka na kullum