Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Ahmad Aliyu Kan Kuɗin Koshin Da Ake Karɓa A Hannun 'Yan Haya

Assalamu alaikum, Mai Girma Gwamna. Ya aiki, ya fama da jama'a?

Mun ga gidajen gwamnati na Gidan Salanke da na Wajakke, Allah ya saka da alheri. Sai dai ranka ya daɗe, ka fi mu sanin cewa masu samun makulli a can 'yan kaɗan ne. Malaman firamare, ma'aikatan jinya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni, haya suke kamawa a Mabera, Arkilla, Dambuwa da Runjin Sambo. Ka yi alƙawarin sauƙaƙa wa jama'a muhalli, su ma jama'a ne.

A ce gida ne na naira 400,000 a shekara. Ejan zai ɗauki la'adar kashi 10 cikin 100, wato 40,000. Sannan a ce a kawo koshin, mu ƙaddara 50,000, wai ajiya ce saboda ɓarna. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000 sai ya tara albashin wata bakwai bai ci bai sha ba, ban da kuɗin takardar yarjejeniya. Kuɗin haya dai an san abin da aka saya da shi. Koshin ne ba shi da uwa ba shi da uba. Sau da yawa ba rasit, ba a rubuta halin da gidan yake ciki ranar shiga ba, kuɗin kuma yana aljihun ejan, wani lokacin mai gidan ma bai san an karɓa ba. Ranar tashi sai a fara zagaye ɗakuna: fenti ya koɗe, silin ya yi tabo, gara ta ci ƙofar banɗaki. Kafin a fito zaure lissafi ya cinye kuɗin tas, har a ce ɗan haya ya ciko.

Alhali fenti rana ce ta watan Afrilu ta koɗar da shi, tabon silin yoyon kwano ne tun daminar da ta wuce, gyaran kwano kuwa na mai gida ne. Malamanmu na Malikiyya sun gama wannan magana tuntuni: mai haya amintacce ne, ba ya lamuni sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Gilashin da yaro ya fasa da soket ɗin da aka ƙona da hita nasa ne. Tsufan gini ba nasa ba ne.

Legas, tun dokar haya ta 2011, ta wajabta a ba da rasit daban kan kuɗin ajiya, ɗan haya kuma yana da ikon ganin lissafinsa a rubuce duk wata shida. A Ingila tun 2007 ba a barin ajiyar a hannun mai gida kara zube, sai an yi mata rajista a wani tsari mai zaman kansa, dokar 2019 kuma ta taƙaita ta ga kuɗin hayar mako biyar a yawancin gidaje. Ko Legas ce za ta koya wa Birnin Shehu hukuncin amana?

Abin da muke roƙo shi ne doka da za ta ba ɗan haya zaɓi biyu. Ko ya ajiye koshin da rasit a asusun banki na amana, ko ya sayi inshorar ɓarna a madadinsa. Ta biyun ga yadda take: maimakon 50,000 a dunƙule, ya riƙa biyan 'yan dubbai kaɗan ga kamfani, kamfani ya ba mai gida takardar lamuni har iyakar 50,000. Idan an yi ɓarna, mai gida ya kai hotuna da kiyasin magini ko mai walda, kamfani ya turo mai dubawa, ya biya. Birnin Cincinnati na Amurka ya sa irin wannan zaɓi a doka a 2020 ga masu gidajen haya da suka wuce 25.

Amma don Allah kada a kwaso na Amurka yadda yake. A can yawancin waɗannan takardu mai gida suke karewa. Ɗan haya ya biya wata da wata, kuɗin ba ya dawowa ko bai fasa ko kofi ba, idan kuma kamfani ya biya mai gida sai ya juyo ya bi shi bashin abin da ya biya. Wanda ya daɗe a gida ɗaya yana iya biyan fiye da koshin ɗin da ya guje wa. Ga kuma mai gida da zai ga ai kamfani ne ke biya, sai ya kumbura kiyasi.

Takaful, wato inshorar Musulunci, ya fi dacewa da mu, kuma ba sabon abu ba ne: hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da lasisi. 'Yan haya su zuba gudummawa a asusu ɗaya bisa tabarru'i, wato kyauta don taimakon juna, kamfani ya ɗauki ladan wakilci da aka fayyace tun farko, a biya ɓarna daga asusun, rarar ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba a biya komai a kansu ba. Bakanike ko malamar makarantar da ke gudun inshora saboda riba da garari (rashin tabbas a ciniki) sun samu ƙofa ke nan.

Mun san za a ce maka inshora hurumin tarayya ce. Gaskiya ne, lasisi na NAICOM ne. Dokar haya kuwa ta jiha ce, kuma Majalisar Dokoki na nan kusa da kai. Dokar ta ƙunshi cewa ba za a karɓi koshin ko a sayar da takaful ba sai da takardar duba gida mai hotuna, wadda ta lissafa ƙofofi, tagogi, famfuna, tayil, wayarin da lambar mita, ɓangarori biyu su sa hannu ranar shiga da ranar fita. In ba wannan takarda, babu kamfanin da zai iya bambance sabuwar ɓarna da tsohuwa, rigimar ce za ta koma ofishinsa. A hana haɗa koshin da takaful a kan mutum ɗaya, domin ejan-ejan za su so su mayar da takaful wani ƙarin kuɗi a kan koshin. A hana ejan tilasta kamfanin da yake cin kamasho a wurinsa. A rubuta ƙarara cewa ba za a bi ɗan haya bashi ba sai ɓarnar ganganci ko abin da ya haura iyakar lamuni. A sa wa'adin kwana 30 na mayar da ajiya ko biyan diyya, da wurin kai ƙara da ba sai an ɗauki lauya ba.

Masu gidaje ma ba asara za su yi ba, don koshin da ya kwana biyu a aljihun ejan ba ya sayen ko buhun siminti ranar da ake buƙatarsa. Akwai batun neman kuɗin shekara biyu a gaba da na la'ada biyu da ake karɓa a gida ɗaya, waɗannan sai wani jiƙon. Yanzu dai a umarci ma'aikatar filaye da gidaje da ta shari'a su zauna da masu gidaje, dillalai, malamai da kamfanonin takaful, a fara gwajin da gidajen da gwamnati ke bayarwa haya da ɗakunan ɗalibai na wajen makaranta.

Wassalam.

Wasu masu aikin kula da gidaje da harkar takaful, Sakkwato