Bayanin Kwamitin Gyaran Gidan Tarihi Ga Masu Gudummawa

Assalamu alaikum. Tun da aka kammala gyaran gidan tarihin garinmu, tambaya ɗaya ke ta dawo mana: ina kuɗin suka shiga, ga shi ba a ga kwano ba, ba a ga siminti ba?

A zaman farko aka tsayar cewa tsohon soron hakimi za a gyara. Share fili, kwaɓa ƙasa da tubali duk aikin gayya ne, goro da abinci kawai aka saya.

Azara, wato tsagaggen itacen giginya da ake rufi da shi, ita ce ta lashe fiye da rabin asusun, a kanta kuma ake ta ƙorafi. Masu cewa da an buga kwano an huta, su tuna rufin zauren ɗaurin guga ne, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa kamar bakan gizo, irin na Gidan Makama a Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da shahararren magini Babban Gwani ya gina, kuma da azara ake ɗaure shi. Ba kowace giginya ake tsagawa ba, sai namijin da ya ƙosa, wanda gara ba ta iya masa. Irinsa ya yi wuya a yankinmu, sai da aka yi nisa, kuɗin mota ya kusa kamo na itacen. Lodin farko ma Sarkin Magina ya bi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ware masu laushin ciki ya ce a mayar. Dillalin ya yi ta ja mana rai har ruwan farko ya riske mu rufi a buɗe, bangon gabas ya zube. Sake tayar da shi ba ya cikin lissafin kowa.

Siminti kuwa ba ya shiri da ginin ƙasa, danshi yake riƙewa, daga baya ya ɓamɓare har da fatar bangon. Shi ya sa aka yi yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, aka shafe rufin da laso, shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, aka sa sababbin indararo. Rasit duk suna hannun ma'aji, mai shakka ya zo ya duba.

Muna miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, da ya ba da soron kyauta, da Alhajin da ya nemi a sakaya sunansa, wanda ya ɗauki nauyin bangon da ya faɗi shi kaɗai. Allah ya saka da Aljanna. Haka 'yan'uwanmu mazauna Legas da iyayenmu mata da suka yi ta jidar ruwa.

Sai dai har yanzu sulke da kwalkwali da tambari suna kan tabarma, takardun ajami na cikin adaka, ɓera da gara na jira. Akwatunan gilashi muke nema, da ƙyauren ƙarfe, da albashin mai gadi. Don Allah duk wanda ya yi alkawari ya cika kafin ruwa ya sauka.