Wasiƙa daga Krakow

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Amira da yara. Ya zafin Kano? Mu nan sanyi ya fara shigowa.

Ka tambayi labarin ɗalibaina na ajin Turanci na yamma. Mutanen Poland akwai himma. Yawancinsu ma'aikata ne, wasu 'yan'uwansu na Birtaniya tun 2004 da ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai. Nahawun Turanci ba ya ba su tsoro, furuci ne ke ba su wahala.

Kowa "th" yake kuka da ita. Babu ita a harshensu, sai ka ji "think" ta zama "fink" ko "tink". Ni ban cika damuwa da wannan ba, ai 'yan Landan ma da yawa "fink" suke cewa, kuma ana gane su. Inda magana ke lalacewa shi ne ƙarshen kalma. A harshensu, b, d ko g in ta zo ƙarshe sai ta koma p, t ko k. Wata ma'aikaciyar banki ta shigo aji a firgice, wai ta bar "back" ɗinta a mota. Ashe jakarta take nufi, "bag". Da aka samo jakar, na sa ta ɗora yatsu a maƙogwaro tana jan wasalin, har ta ji rawar muryar ta kai ƙarshen kalmar.

Sai wasula. Ba su da dogo da gajere, don haka "ship" da "sheep" duk ɗaya ne a kunnensu. A nan na gode wa Hausa, domin Bahaushe tun yana yaro yake bambanta garin Kano da garin tuwo. Dabarar da ta fi ci ita ce in ce su yi amfani da wasalinsu na "y" wajen faɗin "ship", don ya yi kusa da na Turancin.

Amma fa a jera baƙaƙe, sun fi mu nesa ba kusa ba. Wanda ke faɗin sunan garinsu Szczecin ba gargada, me "street" za ta yi masa? Mu da muka mai da ita "titi"!

Ka gaishe da Baba, ka ce masa maganin ƙafar na nan tafe a hannun Alhaji.

Naka,
Sanusi