Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau Kan Matsallakar Dogo Da Ta Ci Ran Ɗanmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau,
Ta hannun Mai Girma Uban Ƙasa,
Ta hannun Mai Unguwarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya kare shi daga sharrin maƙiya. Mu ne talakawanka na unguwar da layin dogo ya ratsa a gefen gari, ɓangaren da ya nufi Ƙaura Namoda. A cikinmu akwai dattawa da limamai, da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka ajiye aiki, da magina, da 'yan kabu-kabu, da iyayenmu mata. Muna neman afuwa in harshenmu ya yi kaushi a wani wuri. Daga zaman makoki muka taso muka rubuta wannan takarda.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar makon jiya, bayan an idar da sallar magariba, jirgin aiki ya take wani ɗanmu a matsallakar unguwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Magini ne, shekarunsa 31. Ya ɗauro siminti buhu 2 a bayan babur zai kai wurin aiki don ya fara da sassafe. Tayar gabansa ta faɗa ramin da ke gefen ƙarfen dogo, babur ya kwanta, nauyin kilo 100 ya danne masa ƙafa. Jirgin kuwa da baya yake tafiya, kan jirgi yana can ƙarshe yana turo taragun tsakuwa. Taragon da ya fara isowa ba fitila, ba mutum a kansa, kuma waɗanda ke zaune a bakin shaguna sun shaida cewa ba su ji kukan jirgi ba sai bayan aikin gama ya gama. Sai da taragu da dama suka wuce kafin ya tsaya. A tabarma aka kwashe shi.

Muna so Sarki ya san ko ɗan wane ne, domin gidansu gidan dogo ne tun kaka. Bayan layin ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya iso Gusau har ya tiƙe a Ƙaura Namoda a 1929, garin nan ya cika da masu neman abinci. Kakan marigayin yana cikinsu. Da dako ya fara, yana loda buhunan gyaɗa da dilolin auduga a tarago, daga baya aka ɗauke shi cikin leburorin layi masu tura tsakuwa a ƙarƙashin dogo da ɗaure ƙusoshi. A bakin layin ya kafa gida, a nan ya haifi 'ya'yansa. Ɗansa, wato mahaifin marigayin, shi ne mai gadin wannan matsallaka fiye da shekara 20, kuma shi ne na ƙarshe. Dattawanmu sun san aikinsa. Idan saƙo ya zo daga tasha cewa jirgi ya taso, sai ya sauke shinge ɓangare biyu tun da sauran lokaci, ya duba ramin gefen dogo ya ciccire duwatsun da suka maƙale, ya tsaya da tuta, kore in hanya ta gyaru, ja in akwai matsala. Da dare fitilar kananzir mai gilashin ja da kore yake riƙewa. A duk tsawon aikinsa ko akuya jirgi bai taka a wurin ba. Da jirage suka yi ƙaranci aka sallame shi, ba a kawo wani ba, ya rasu yana bin haƙƙinsa. Yau ɗansa ne aka kwashe daga inda ya yi shekaru yana tsayuwa.

Marigayin ya bar mahaifiya tsohuwa da ido ya fara gaza mata, da mata ɗaya mai juna biyu wadda takabarta sai ta sauka, da 'ya'ya 3, babbar tana aji 2 na firamare. Ya bar ƙanne 2 da shi ke biya wa kuɗin makaranta. Abin da ya mallaka shi ne babur ɗin da ya zama tarkace, da cokalin gini, da ma'aunin ruwa, da ɗaki biyu da ya kai linta bai rufa ba.

Allah ya taimaki Sarki, mun yi imani da ƙaddara, kuma ba wanda zai wuce kwanansa. Amma Musulunci bai hana a faɗi sababi ba, mu kuwa mun san sababin, don a cikinmu akwai waɗanda suka tuƙa jirgi a kan wannan layi da waɗanda suka gyara shi da hannunsu.

Na farko ramin nan ne. A kowace matsallaka ana barin ɗan tsagi a gefen ciki na ƙarfen dogo don leɓen ƙafar jirgi ya bi. Faɗinsa bai kamata ya wuce kimanin inci 2 ba, kuma akan sa ƙarfe na biyu ya riƙe bakinsa don kada ya buɗe. A tamu matsallakar an kwance wannan ƙarfe na biyu an sayar wa 'yan gwangwan, ruwan damina ya cinye cikon da ke tsakanin dogayen biyu. Mun auna da awo: tsagin ya kai inci 5 a wani wuri, zurfinsa ya kusa inci 6. Tayar gaban babur ba ta kai inci 3 ba. Ga shi hanyar ba a miƙe take tsallaka layin ba, a karkace take, don haka taya ba ta hawa ƙarfen kai tsaye, gogarsa take yi ta zame ta faɗa ciki. Duk ɗan kabu-kabun unguwar nan ya san wurin. Amalanken shanu ma ta sha maƙalewa, sai an taru an ɗaga.

Sai rashin gani. Mai tahowa daga cikin unguwa ba ya hango layin sai ya hau kansa. Ta hannun dama dawa ce aka shuka har gindin tsakuwa, ta fi mutum tsawo a wannan lokaci na shekara, ga gamba da tumfafiya. Ta hagu rumfunan kwano ne da katangar wani gida da ta shigo filin reluwe. Daga inda mai babur ke tsayawa, abin da ido ke kaiwa bai wuce mita 30 ba. A yi lissafi, ranka ya daɗe. Jirgin da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a kowace daƙiƙa, wato daga ɓullowarsa zuwa isowarsa bai cika daƙiƙa 4 ba. Mai babur da kaya yana buƙatar kamar daƙiƙa 8 ya tashi daga tsaye ya haye, amalanke kuwa 20 ko fiye. Ko da mutum ya tsaya ya duba dama da hagu kamar yadda ake koya wa yara, lokacin bai ishe shi ba.

Jirgi kuma ba mota ba ne. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, riƙonsa kaɗan ne, tarago ɗaya cike da tsakuwa yana iya kai tan 40, direba ba shi da sitiyarin kaucewa. Tsofaffin direbobinmu sun ce da irin wannan kaya, ko an taka birki gaba ɗaya sai an ja mita 200 ko fiye, in akwai raɓa ko ciyawa a kan dogo abin ya ƙaru. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce idan kan jirgi zai turo taragu daga baya, dole a sa mutum a taragon gaba da tuta ko fitila, kuma in an zo matsallakar da ba mai gadi, a tsaya cik, mutum ya sauka ya tare hanya, sannan a wuce a hankali. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Yaron da aka ɗauka aiki jiya ma ana koya masa. Ranar Talata ba a yi ko ɗaya ba, kuma har yau ba wanda ya tako ƙofar gidan ya ce wa tsohuwar nan sannu.

Abin da ya fi damunmu, wanda muke roƙon Sarki ya dube shi da idon basira, shi ne jirgin da ba ya zuwa kullum ya fi mai zuwa kullum haɗari. A da kowa ya san lokacinsa, mata na janye yara, masu talla na kwashe faranti. Yanzu sai a yi watanni ba a ga ƙeyarsa ba, mutane sun mai da layin hanyar ƙafa, ana shanya barkono da kuɓewa a kan tsakuwa, almajirai na zama a kan ƙarfen da yamma, rannan kwatsam sai ga shi ba sallama. Ga bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun zauna a bakin layin, da yawansu ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba, balle su san cewa jikin tarago ya fi dogo faɗi nesa ba kusa ba. Tsakanin ƙarafan biyu ƙafa 3 da rabi ne kawai, tarago kuwa yana leƙowa fiye da ƙafa 2 ta kowane gefe. Wanda ya koma gefe yana ganin ya tsira, gefen tarago na iya kwashe shi.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun rubuta, mun aika wakilai, an karɓe mu da fara'a, an ce za a duba. Wani ofishi ya ce layin ba nasa ba ne, wani ya ce hanyar ba tasa ba ce, wani ya ce a dawo bayan kasafin kuɗi. An taɓa zuwa da awo da fenti aka yi alamu a ƙasa, ruwa ya wanke. Matasa sun sha zuba jar ƙasa da ɓaraguzan bulo a ramin da kuɗin aljihunsu, ruwa biyu ya kwashe, domin ƙasa ba ta zama a wurin sai da abin da zai riƙe bakinta. Allon gargaɗi mai gicciye da allon da ke umartar direba ya yi kuka duk an sace su tun tuni, guntun ƙarfen kawai ya rage a ƙasa yana yanke wa yara ƙafa.

Don haka muke durƙusawa gaban uban ƙasa da talakawa. Muna roƙon Sarki ya sa baki, masu kula da layin su daina turo jirgi ta cikin unguwa ba sanarwa. A gaya wa Mai Unguwa kwana ɗaya kafin nan, a yi shela a masallatai da makarantun allo da na boko, a faɗa a rediyo. Wannan ba ya cin ko kwabo. A mayar da mai gadi da shinge. In an ce ba kuɗin albashi, unguwa ta yarda ta ba da mutum 2 daga tsofaffin ma'aikata, su koya wa matasa 4, a yi karɓa-karɓa, a ba su tuta da fitila da lambar wayar tasha kawai. Shingen ma bututun ƙarfe ne mai tsawon faɗin hanya, da nauyi a gindinsa, da fentin ja da fari. Maƙeranmu masu walda za su haɗa shi in an ba da izini, don mun san ba a taɓa kayan layi sai da izini, kuma ba ma so gobe a ce mun yi ɓarna.

A gyara ramin gyara na gaskiya. A mayar da ƙarfe na biyu a ɗaure shi da ƙusoshin da aka like da walda don kada a sake kwancewa, a shimfiɗa falankin kankare tsakanin dogayen da wajensu daidai da saman ƙarfe, a daidaita hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya aƙalla mita 10 kowane gefe don abin hawa ya daina mutuwa a kan hawa, a fitar wa ruwa hanya da ƙaramin kwalbati. In hali ya yi a miƙe karkatar hanyar. A sa tudun rage gudu kafin a iso, kada a sa shi dab da dogo inda zai tsayar da mota a kan layi.

Maganar gani kuwa tana hannun Sarki da Uban Ƙasa, ba sai an jira kowa ba. A umarci masu gonakin bakin layi su bar dawa da gero da masara a tsawon mita 200 kowane gefen matsallaka, su shuka gyaɗa ko wake ko dankali. Dawar bana a bari a girbe, amma a sassabe layukan da suka fi kusa tun yanzu, unguwa za ta biya mai gona damin da ya rasa. A ja da rumfunan baya. A yi wa masu sayen ƙarfe kashedi a gaban Sarki cewa duk wanda aka ga ƙusa ko ƙarfen dogo a ma'auninsa zai amsa tambaya. Muna kuma sake roƙo, a daina turo jirgi da baya cikin duhu ba fitila. Ko wannan kaɗai aka yi, da yaron nan ya hango haske tun yana nesa.

Sarki uban marayu ne. Muna roƙon a taimaka wa iyalin su sami rahoton 'yan sanda da takardar shaidar rasuwa daga asibiti ba tare da yawo da hankali ba, a sa masu jirgin su fito da bayanin tafiyar wannan rana, wa ya ba da izinin tashi, su wa ke kai, da wane gudu. A zaunar da su da waliyyin yaran a gaban malamai a yi maganar diyya yadda shari'a ta tsara, abin da ya fito a raba shi bisa ƙa'idar gado, rabon marayu da na cikin da ba a haifa ba a damƙa wa amintacce da shaidu. Haƙƙin mahaifinsa da ya maƙale, shi ma a taimaka a bi, tsohuwar tana da takardun a cikin kwalla. Magina abokan aikinsa sun ɗauki alkawarin rufa ɗakunan nan biyu kyauta, kwano bandir 2 da katako suka rage.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye wa Sarki ba, ran matasa ya ɓaci. Daren da abin ya faru sun so su jibga duwatsu a kan layin, dattawa suka hana, don tare layi na iya kifar da jirgi ya kashe wasu bayin Allah da ba ruwansu. Mun ce musu su dakata, akwai uba a gari. Taragun tsakuwar suna nan a tasha, ko yaushe za a iya sake turo su, ga kaka ta zo, amalanke za su yi ta jigilar amfanin gona ta wannan matsallaka safe da yamma. Muna roƙon Sarki ya turo wakili ya ga wurin da idonsa cikin makon nan, da magariba, lokacin da abin ya faru. Za mu jira shi da awo a hannu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya jiƙan magabata.

Mu ne masu biyayya,
Dattawan unguwa da limaman masallatanta,
Tsofaffin ma'aikatan reluwe mazauna unguwa,
Wakilan magina da na 'yan kabu-kabu,
Wakilan iyaye mata,
Waliyyin marayu, a madadin iyalin marigayi.