Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Kangon Tsohon Injin Katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, mazauna layukan da ke bayan tsohon injin katako a yankin Aboabo: limamai, iyaye mata, masu sana'a da matasa. Muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa idan harshe ya zarce, don zukata sun cika.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan ruwan da aka kwana ana tafkawa, katangar kangon ta rufto kan hanyar da yaranmu ke bi zuwa makarantar allo. Yara biyu ta danne. Da hannu muka tono su, bulo bayan bulo, iyayensu mata na tsaye suna kuka. Ɗaya ya karye a cinya, yana kwance a asibiti har yanzu. Tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a gindin katangar, Allah ne ya tsare ta, amma teburinta da tukwanenta sun tafi, ita ce kuwa ke ciyar da jikoki marayu.

Ranka ya daɗe, daga masu filin babu wanda ya tako ya ce mana sannu. Ko ɗan aike. Amma ranar Alhamis sai ga mutane da na'urar awo, sun tsallake ɓaraguzan da suka danne 'ya'yanmu, suna kafa turaku. Muka tambaye su me za a yi, suka ce ba a aiko su wurinmu ba. Ashe dai an san hanyar wurin! Wannan shi ya fi yi mana ciwo.

Mun sha kai kuka. Mun rubuta takardu, mun zauna a benci muna jira, an ce a dawo gobe, an ce maganar na hannun wani ofis, can ma aka ce fayil bai iso ba. Tsagar katangar nan ba ta ɓuya ga kowa ba, mun nuna ta tun tana shan yatsa har ta kai ana hango ciki.

Sarki ya fi mu sanin tarihin wurin. Lokacin da Kumasi ke garin katako, injina na kuka a Kaase da Ahinsan da Asokwa, iyayenmu da yawa a nan suka yi dako da gadi, da kuɗin suka gina ɗakunan da muke ciki. Daji ya ja baya, gungume ya yi wuya, aka rufe ƙofa. Yau kwanon rufi ya tashi, an kwashe ƙarafa, tsakar wurin ta zama bola da tafkin sauro. Tsohuwar dusar katako da ta taru takan ci wuta da rani, hayaƙi ya kwana a ɗakunanmu. Da dare kuwa matattarar masu shan wiwi da taramol ce, har 'yan matanmu ba sa bin layin bayan magariba.

Ba mu ƙi gyara ba, mu ne ma muka fi kowa buƙatarsa. Mun ga masana'antar takalma ta zamanin Nkrumah, wadda ta yi shekaru a rufe, an sake buɗe ta. Mun ga yadda aka ba kafintocin Anloga mazauni a Sokoban lokacin da hanya za ta bi ta wurinsu. Amma mun kuma ga Agbogbloshie a Accra a shekarar 2021, inda katafila ta share wurin masu tsofaffin ƙarafa, aka kai 'yan albasa Adjen Kotoku, nesa da masu saye. Da yawansu 'yan uwanmu ne. Tsoronmu ke nan: a sha wahalar kango da mu, ranar da ya yi daraja a ce ba a san mu ba.

Don haka muke roƙon Sarki, Allah ya ba shi nasara, ya sa baki a rushe sauran katangar yanzu, kafin wani ruwan, a kewaye wurin, a sa fitila da mai gadi. Masu filin su biya kuɗin asibitin yaran, su mayar wa tsohuwar nan jarinta. A faɗa mana a fili wane ne ke riƙe da takardar hayar filin, da abin da aka auna za a gina. Ƙasa ta Asanteman ce, wato masarautar Asante, mun sani, shi ya sa muke roƙon Sarki ya kai kukanmu fadar Manhyia, gaban Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya kuma kai shi majalisar yanki.

In za a gina, a ware wa masu walda da kanikawa da teloli rumfuna, waɗanda yanzu ke aiki a bakin kwata. A duba ko Asusun Raya Zango, wanda aka yi dokarsa a 2017, zai ɗauki nauyin makarantar koyon sana'a a wani ɓangare. A gyara magudanar ruwa kafin a ɗora bulo ko ɗaya, don ruwan filin cikin gidajenmu yake sauka. A ɗauki yaranmu aiki. Kuma, ranka ya daɗe, katangar nan, a taimaka a rushe ta, ɓangaren da ya rage ya riga ya karkata kan gidaje.

Matasanmu sun so su tuge turakun nan, dattawa suka hana su, suka ce a jira maganar Sarki. Muna roƙon a ba wakilanmu rana su zo fada kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka,
Mazauna bayan tsohon injin katako, Aboabo, Kumasi.